Tudun Mun Tsira A Tsakiyar Teku: Littattafai Biyu Da Mafarkin Intanet Marar Hukuma

Kimanin kilomita 12 daga gaɓar gabashin Ingila akwai wani dandamali da ke tsaye a cikin teku, kan ƙafafu biyu na kankare masu rami a ciki. Sojojin Birtaniya ne suka gina shi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu domin girke bindigogin harbo jiragen Jamus, daga baya suka watsar da shi. A shekarar 1967 wani tsohon manjon soja mai suna Roy Bates, wanda ya saba buɗe gidan rediyo ba da izinin hukuma ba, ya hau dandamalin da iyalinsa, ya kafa tuta, ya ce daga ranar wurin ƙasa ce mai cin gashin kanta, sunanta Sealand, shi ne kuma sarkinta. Har yau babu ƙasa ko ɗaya da ta amince da wannan sarauta.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu yi dariya mu wuce. To amma a shekarar 2000 wasu samari Amurkawa suka kafa kamfani mai suna HavenCo, suka jera manyan kwamfutocin ajiya a cikin ƙafar dandamalin, suka yi wa duniya alkawari cewa duk wanda ya ajiye bayanansa a nan, babu alƙalin da zai sa a ƙwace su, babu ɗan sandan da zai zo da takardar bincike, domin wurin ba ya cikin hurumin kowace gwamnati. Mujallar Wired ta ɗora labarin a bangonta a watan Yulin wannan shekara. Masu rajin ’yancin intanet suka ga kamar an samu tudun mun tsira.

Wannan tunani na gina rumbun bayanai a inda hannun hukuma ba ya kaiwa, marubutan ƙagaggun labarai ne suka riga injiniyoyi yi masa ɗaki. Littattafai biyu na marubutan Amurka suka fi shahara da shi: Islands in the Net na Bruce Sterling, wanda ya fito a 1988, da Cryptonomicon na Neal Stephenson, na 1999. Mun ɗauko su tare ne saboda abu ne mai wuya a samu jigon ƙagaggen labari da rayuwa ta gwada shi a fili, da kuɗi da ƙarfe da mutane, har a ga sakamako. Abin da muka gani kuwa shi ne littafin da ya fi tsufa, ya kuma fi ƙarancin masu karatu, shi ya fi hango gaskiya.

Bari mu fara da na Stephenson, tunda shi ne ya fi ƙawata mafarkin. Littafin ya haura shafi 900, kuma zare biyu ake saƙawa a cikinsa. Zare na farko yana zamanin yaƙin duniya, inda Lawrence Waterhouse, gwanin lissafi kuma abokin Alan Turing, yake aikin warware saƙonnin sirri na abokan gaba. Zare na biyu yana ƙarshen shekarun 1990, inda jikansa Randy da abokin kasuwancinsa Avi suke neman haƙa rumbun bayanai a cikin kogon wani dutse a Kinakuta, wata ƙagaggiyar masarauta a tsibirin da ke tsakanin Borneo da Filifin. Sarkin Kinakuta ya yi shelar cewa a ƙasarsa babu dokar da za ta taɓa bayanan kowa. Su Randy kuma suna son su ɗora kuɗin intanet a kan wannan rumbu, kuɗin da zinariya za ta tsaya masa, zinariyar da sojojin Japan suka binne a Filifin lokacin yaƙi.

Ba za mu tauye wa Stephenson haƙƙinsa ba. Mutum ne da ya san yadda abubuwa ke aiki, yana kuma jin daɗin bayyana su. A 1996 ya bi sawun shimfiɗa wata wayar sadarwa ta ƙarƙashin teku daga ƙasa zuwa ƙasa, ya rubuta doguwar maƙala a kai, saboda haka ya san cewa intanet waya ce da ake ja da jirgin ruwa, ake binnewa a laka, ake biyan lasisi kafin a fito da ita tudu. Wannan sani yana ko’ina a littafin. Sai dai son bayanin nasa kan yi yawa, har yakan ajiye labari ya ci shafuka yana kwatanta yadda Randy ke cin abincin karin kumallo. Mai karatun da ya saba da littafin da ke tafiya kai tsaye zai buƙaci haƙuri.

Hujjar da littafin ya kafa wa rumbun ita ma tana da nauyi. Avi Bayahude ne, kisan ƙare dangin da aka yi wa mutanensa a Turai bai taɓa barin zuciyarsa ba. Burinsa shi ne a ajiye wani kundi a wurin da babu azzalumin da zai iya gogewa, kundin da zai koya wa duk al’ummar da ake shirin hallakawa yadda za ta gane alamu tun da wuri, ta kuma kare kanta. Duk wanda ya san abin da gwamnatoci suka aikata a ƙarnin da ya wuce ba zai raina wannan tsoro ba.

Inda muka rabu da littafin shi ne wurin da ya ƙi tsayawa ya kalli abin da shi da kansa ya gina. Kinakuta ba wajen hukuma take ba. Hukuma ce ta mutum ɗaya. ’Yancin da ake ta yabo ya rataya ne kan kalmar sarki, wanda babu majalisar da za ta taka masa birki, babu kotun da za a kai shi. Idan ya sauya ra’ayi, ko ya mutu ɗansa ya hau, ko wata babbar ƙasa ta yi masa tayin da ya fi na su Randy tsoka, ina masu ajiya za su kai ƙara? Littafin bai ɗauki wannan tambaya da muhimmancin da ya kamata ba. Ya nuna mana cewa da yawa daga masu zumuɗin rumbun mutane ne da dukiyarsu ba ta son haske, Randy ma ya lura da hakan, amma labarin ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da farautar zinariya.

Akwai kuma wani wuri da labarin ya ƙaryata jigonsa ba da niyya ba. Ana cikin tafiya maƙiyan Randy suka sa aka jefa masa ƙwaya a jaka, aka kama shi, aka kulle shi a kurkukun Filifin. Duk ƙwarewarsa wajen kulle saƙo, da duk kaurin dutsen Kinakuta, ba su hana a sa masa ankwa ba. Marubucin ya mai da wannan babi fagen nuna wayon tauraronsa, inda Randy ya yaudari masu leƙen kwamfutarsa daga cikin ɗakin kurkuku. Mu kuwa abin da muka gani a babin shi ne bayanai suna iya ƙaura zuwa tsibiri, mai bayanan kuma yana nan inda ɗan sanda zai same shi.

Shekara ɗaya bayan fitowar littafin HavenCo ta buɗe, mutane da yawa suka ce ga Kinakuta ta tabbata. Tarihin wurin ma ya ba su ƙwarin gwiwa. A 1968 wata kotun Ingila ta sallami ƙarar da aka kai su Bates kan harba bindiga, bisa dalilin cewa dandamalin yana wajen iyakar ruwan Birtaniya, wadda a lokacin mil 3 ce daga gaɓa. Abin da masu murna suka ƙi nanatawa shi ne a 1987 Birtaniya ta faɗaɗa iyakar zuwa mil 12, wanda ya sa Sealand ta faɗo ciki. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ba ta ɗauki ginin ɗan’adam a matsayin tsibiri mai ruwan kansa ba.

Abin mamaki, ba sojojin ruwan Birtaniya ne suka kashe HavenCo ba. Babu wanda ya kai mata hari. Man janareta da abinci da kayan gyara duk daga tudu ake kawo su a jirgin ruwa ko jirgi mai saukar ungulu. Layin sadarwarta ta hannun kamfanonin da ke ƙarƙashin dokar wasu ƙasashe yake bi, yana da tsada, ba shi da sauri. Masu ajiya ba su zo da yawa ba, mafi yawan waɗanda suka zo kuma masu gidajen caca ne na intanet, su ma suka gane cewa akwai ƙananan ƙasashe na gaske da za su ba su lasisi da wuta da layi mai kyau a farashi mai sauƙi. Kamfanin da kansa ya kafa dokoki tun ranar farko: ya haramta hotunan lalata da yara, da saƙonnin shara, da kutse. Wato ko a wurin da aka ce babu doka, sai da wani ya zauna ya rubuta ta.

Sannan rikici ya ɓarke tsakanin kamfanin da masu gida. Iyalan Bates suna fatan wata rana duniya ta amince da ƙasarsu, saboda haka ba sa son abin da zai fusata Landan, musamman bayan harin 11 ga Satumba na 2001. Ryan Lackey, injiniyan da ya fi kowa daɗewa a kan dandamalin, ya bar kamfanin a 2002, a shekarar da ta biyo baya kuma ya fito a wani taron masana kwamfuta a Las Vegas ya zayyana ƙorafinsa, har da batun kuɗi da kayan da ya ce an riƙe masa. Wace kotu zai je? Shi ne fa ya yi shekaru yana tallata wa duniya cewa babu kotun da ke da iko a wurin. Masanin shari’a James Grimmelmann, wanda ya yi dogon nazari kan lamarin a 2012, ya nuna cewa kamfanin ya dogara ga dokar ƙasa da ƙasa ta kare shi daga Birtaniya, ya kuma dogara ga dokar Sealand ta kare shi daga masu Sealand, alhali kasuwancinsa gaba ɗaya raina doka ne. A watan Yunin 2006 gobara ta tashi a dandamalin, jirgin sojan saman Birtaniya ne ya ɗauke mai gadin zuwa asibiti. A 2008 shafin HavenCo ya mutu ba tare da ko sanarwa ba.

Wasu sun sake gwadawa. A 2007 masu shafin The Pirate Bay, bayan ’yan sandan Siwidin sun kwashe kwamfutocinsu a shekarar da ta gabata, sun buɗe asusun neman sayen Sealand, abin bai kai ko’ina ba. A Jamus wasu sun sayi tsohon ginin soja na ƙarƙashin ƙasa a garin Traben-Trarbach, suka ce za su ajiye wa kowa kusan kome. A watan Satumban 2019 ɗaruruwan ’yan sanda suka shiga, aka tarar da kasuwannin ƙwaya na ɓoye a cikin na’urorin, a 2021 kotu ta ɗaure masu wurin.

A nan ne littafin Sterling ya ba mu mamaki. An rubuta shi tun kafin yawancin mutanen duniya su ji kalmar intanet, ya kuma sa labarinsa a farkon shekarun 2020, wato zamanin da muke ciki. Ya yi kuskuren hasashe a wurare, misali a duniyarsa Tarayyar Sobiyat tana nan daram. Amma a kan mafakar bayanai bai kauce ba. Tauraruwarsa Laura Webster ma’aikaciyar wani babban kamfani ce mai suna Rizome, tana kula da masaukin baƙi a Galveston ta jihar Texas. Kamfaninta ya shirya zaman sulhu da ’yan fashin bayanai na wurare uku, Grenada da Singafo da Luxembourg, sai aka harbe wani dattijo daga wakilan Grenada a gabanta. Domin ta nuna cewa kamfaninta ba shi da hannu, ta ɗauki mijinta da jaririyarta ta tafi Grenada.

Sterling ya bar ’yan fashin sun yi magana da bakinsu, kuma maganarsu tana da ma’ana. Ƙaramin tsibiri ne da manyan ƙasashe suka daɗe suna murƙushewa, sayar da mafaka ita ce hajar da ta rage masa, da kuɗin kuma ake ciyar da talakawa. Mai karatu zai ji tausayinsu. Amma marubucin bai ɓoye mana abin da suke ajiyewa ba: bayanan mutane ne da aka sato, ana sayarwa ga mai neman tona asiri ko cin amana. Ga wani abu da Stephenson ya tsallake. Wanda aka sace sirrinsa aka kai tsibiri, shi ma ɗan’adam ne mai ’yanci, kuma rashin hukuma a tsibirin yana nufin ba shi da inda zai kai kuka. Mafakar da ta kare ɗan jarida daga azzalumi ita ce kuma ke kare mai yaɗa hoton tsiraicin yarinya daga iyayenta.

Daga Grenada labarin ya wuce Singafo, mafakun suna ruftawa ɗaya bayan ɗaya. Masu rusa su kuwa wata rundunar sojan haya ce da ke kiran kanta mai yaƙi da ta’addanci, wadda ita ma ta samu tata mafakar a inda idon duniya ba ya gani. Suka kama Laura, suka kai ta kurkuku a Mali, ta shafe kimanin shekara biyu babu wanda ya san tana raye. A ganinmu wannan ne zuciyar littafin. Matar da ta tashi cikin sadarwa dare da rana ta tsinci kanta a wurin da babu doka da gaske, ta ga yadda yake: ɗaki ne mai ƙofar ƙarfe, mai bindiga ne alƙali. Abin da ya cece ta, bayan ’yan tawayen Abzinawa sun fasa ayarin da ke ɗauke da ita, shi ne ta tsaya gaban kyamara ta ba da shaida da sunanta da fuskarta, duniya ta ji.

Muna da ƙorafi a kan wannan kashi na ƙarshe. Sahel ɗin Sterling fili ne na yunwa da ƙura kawai, mutanensa ba su da fuska sosai. Abzinawan nasa, waɗanda ya raɗa wa tawayensu suna daga kalmar da ke nufin maƙera a harshensu, sai da aka ba su wani Ba’amurke ɗan jarida ya zama bakinsu. Mai karatun da ya san Agadas ko Tawa zai ji cewa daga nesa aka leƙo. Duk da haka, marubucin ya fahimci cewa tambayar wa ke cikin sadarwa, wa aka bari a waje, a irin ƙasashenmu take da zafi.

Mun kuwa ɗanɗana. A watan Yunin 2021 gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Kwamfutocin Twitter ba a Nijeriya suke ba, gwamnati kuma ba ta nemi taɓa su ba. Umarni kawai ta ba kamfanonin waya. A watan Satumban 2021 aka kashe layukan sadarwa a Zamfara saboda yaƙi da ’yan bindiga, matakin da wasu suka goyi baya, wasu suka soka, amma kowa ya ga yadda mutane ke tafiya wata jiha domin su kira ɗan’uwa ko su karɓi kuɗi. A Cadi an toshe shafukan sada zumunta daga Maris na 2018 har zuwa Yulin 2019. A ranar 14 ga Maris na 2024 kuma wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ’yan kasuwa suka tsaya cik, ba tare da wata gwamnati ta ce uffan ba. A duk waɗannan, da a ce bayananmu suna Sealand ko Kinakuta ko duniyar wata, babu abin da zai sauya. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Abin da ya yi aiki, a inda aka samu ya yi, ba shi da ƙyalli irin na littafi. A Sudan, bayan sojoji sun yanke intanet a watan Yunin 2019, wani lauya a Hartum ya kai kamfanin wayarsa kotu ya yi nasara, aka mayar masa da layinsa shi kaɗai. Ya koma kotu a madadin sauran jama’a, a watan Yuli aka buɗe wa kowa. A 2022 kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa rufe Twitter ya saɓa wa ’yancin faɗar albarkacin baki. Hukuncin ya zo bayan an riga an buɗe, amma yana nan a rubuce domin gaba. Majalisar Iceland a 2010 ta amince da ƙudurin tsara dokokin da za su kare ’yan jarida da masu tsegunta musu labari. Estoniya, da ta ji tsoron abin da zai sami kundin gwamnatinta idan aka mamaye ta, yarjejeniya ta ƙulla da Luxembourg a 2017 aka ba rumbunta kariya irin ta ofishin jakadanci. Dukansu doka suka nema, suka ƙara mata ƙarfi. Ba mu ce kulle saƙo da ajiye kwafi a ƙasar waje ba su da amfani, suna da shi ƙwarai, ɗan jaridar da ke aiki ƙarƙashin azzalumi ya san haka. Suna saya wa mutum lokaci ne, kafin a yi ainihin kokawar a kotu da majalisa da titi.

Marubutanmu na Hausa sun san wani abu game da wannan. Da yawa sun bar Kasuwar Sabon Gari da takardar izinin hukumar tace littattafai sun koma WhatsApp da Wattpad da Facebook, inda babu mai duba rubutu kafin ya fita. An samu sauƙi, an samu sababbin muryoyi, musamman na mata. Amma marubuciyar tana nan a unguwarsu, kowa ya san gidansu. Ranar da aka kwafe littafinta aka raba kyauta, ko kamfanin da ke wata nahiya ya rufe mata shafi ba bayani, sai ta tarar da kanta a matsayin Lackey, da ƙorafi a hannu babu wurin kai shi. Akwai littafi a cikin wannan hali da ba a rubuta ba tukuna, kuma ba sai an je teku za a samo shi ba.

Wanda ke son nishaɗi da lissafi da barkwanci, ya nemi Cryptonomicon, zai daɗe yana jin daɗinsa. Wanda ke son ya fahimci wayar da ke hannunsa da ƙasar da yake tsaye a kai, ya fara da Islands in the Net, ya yi haƙuri da raunin babinsa na Sahel. Shi kuwa Roy Bates ya rasu a 2012 yana da shekara 91, a wani gidan kula da tsofaffi a Essex, cikin ƙasar Ingila. Dandamalin yana nan tsaye, iyalansa suna sayar da takardun sarauta ta intanet ga duk mai sha’awa.